Lasifikar Gidanmu

A gidanmu ba a taɓa aiken yaro ya kirawo wani daga bakin titi ba, don muna da Yaya. Idan ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Abinci ya sauka!" har maƙwabta sai sun fara wanke hannu. Tun tana 'yar makaranta aka laƙaba mata Lasifika, kuma ba ta taɓa jin haushin sunan ba. Ni ne autan gidan, saboda haka ni na fi kowa shan wannan murya a kusa. Yau ga ni da furfura a gemu, da shagon ɗinki, da iyalina, amma idan na tuna yadda take kiran "Auta!" sai na ji na gyara zama.

Ba ƙarfin murya kaɗai Allah ya ba ta ba, ya haɗa mata da faɗa. Sai dai faɗanta ba ya daɗewa. Za ta wanke ka tas, kafin ka gama share ido ta dire maka kwanon abinci, naka naman ya fi na kowa girma. Mijinta, wanda kowa ke kira Malam saboda yana koyar da lissafi a sakandare, mutum ne mai sanyi ƙwarai. Yakan ce shi bai auri mace ba, gidan rediyo ya aura, kuma har yau bai gano inda ake rage ƙara ba.

Wadda ta fi kowa cin moriyar wannan murya ita ce Inna, mahaifiyarmu. Bayan rasuwar Baba kunnenta ya fara nauyi, sai Yaya ta ɗauko ta ta ba ta ɗakin da ke jikin kicin. Ni da Malam muna iya sa baki a kunnenta mu yi ta ƙwala magana har jijiyar wuya ta tashi, ba abin da za ta ce sai, "Iye?" Amma Yaya daga cikin kicin, tana yanka albasa, ta juya mata baya ma, za ta ce, "Inna, kin sha maganin?" nan take ka ji amsa ta fito daga ɗaki.

"Na sha!"

"Ba ki sha ba, ga shi nan a kan tebur ina kallonsa!"

"To ke da kike kallonsa ki sha mana!"

Haka suke wuni. Su yi a kan gishiri, su yi a kan taga, Inna tana so a rufe Yaya tana so a buɗe. Baƙo zai ɗauka gidan ya kusa kamawa da wuta. Mu mun san hirarsu ke nan, kuma ita ce kaɗai hirar da ta rage wa Inna a duniya.

Da yaran Yaya suka tasa suka tafi makarantar kwana, sai ta ce zaman gida ya ishe ta. Ta samu aiki a wani kamfani da ke sayar da firij da injin wanki da fanka. Ranar da ta gaya mana sashen da aka tura ta, ni da Malam muka yi dariya har da riƙe ciki. Sashen sauraron koke ne, inda mutumin da firjinsa ya lalace yake bugo waya ya sauke haushinsa. Na ce, "Yaya, ba za ki yi mako ba. Na farkon da ya ɗaga miki murya sai dai a kai shi asibiti." Ta jefe ni da murfin tukunya, ta ce in zuba ido.

Na zuba idon, na kuma sha kunya. Shekara goma sha wani abu ta yi a wurin.

Sau ɗaya na taɓa shiga ofishin, ranar da na kai mata wata riga da na gyara. Dogon ɗaki ne ba taga ko ɗaya, an yanka shi ƙananan akurki da katako, kowa da teburinsa, kowa da abin saurare maƙale a kai da ɗan makirufo a gefen baki. A kan kowane tebur akwai ƙaramin madubi. Na ɗauka na kwalliya ne, ashe na aiki ne: wai ka riƙa duba fuskarka kana murmushi, don mai kira yana jin murmushi a cikin murya. A bango akwai allo mai fitila, idan masu jira suka yi yawa sai ta koma ja. Shugabar sashen, Madam, tana yawo a bayansu da takalmi marar ƙara. Ba a katse mai kira. Ba a ɗaga murya. Ba a cewa "ba laifina ba ne". Ko uwarka ya zaga, abin da za ka ce ɗaya ne.

Na tsaya a bayan Yaya na ji wani ƙato yana surfa mata masifa har ina jiyowa daga abin kunnenta. Na ja da baya ina jiran aradu ta faɗi. Sai na ji wata 'yar siririyar murya mai laushi ta fito daga bakin yayata: "Yi haƙuri, ranka ya daɗe. Na fahimce ka. Za a duba." Wallahi sai da na leƙa fuskarta don in tabbatar ita ce.

Da farko abin ya ba mu sha'awa. Tana ajiye muryar ofis a ofis, ta dawo gida da tata. Amma a hankali aka rage ma'aikata, kira ya ƙaru, fitilar bango ta daina komawa kore. Ko banɗaki za ka shiga sai ka danna wani maɓalli, idan ka daɗe Madam ta tambaye ka ko lafiya. Yaya ta fara dawowa da ciwon kai. Ta fara wuce inda take sauka a motar haya saboda gyangyaɗi. Idan wayar wani ta yi ƙara a falo sai ka ga ta zabura ta gyara kafaɗa. Wata rana ina zaune ta yi tuntuɓe da kujera, ta juya ta ce wa kujerar, "Yi haƙuri." Na yi dariya, ita ba ta yi ba, ba ta ma san ta faɗa ba.

Malam ya kai ta wurin likita. Likita ya auna nan ya auna can ya ce ba wata cuta, gajiya ce ta taru ta yi mata yawa, ta nemi hutu. Ta nemi hutu, Madam ta ce ta yi haƙuri, za a duba.

Daga nan muryar ofis ta biyo ta gida ta zauna. Ta daina kiran abinci, sai dai ta jera kwanuka ta koma ɗaki. Ba wai tana fushi ba ne. Ta gaya mini sau ɗaya, a shagona, tana zaune a kan benci tana kallon ƙasa: "Auta, kafin in taso daga aiki maganata ta ƙare. Ina buɗe baki in ji ba komai a ciki." Sai na ce ta zaɓi yadi in ɗinka mata riga.

Wanda abin ya fi taɓawa ita ce Inna. Yaya tana kai mata magani, ta durƙusa ta ce a hankali, "Inna, ga magani." Inna ta ce, "Iye?" Yaya ta maimaita da wannan muryar dai, Inna ta kalli bakinta tana motsi ba ta jin komai. Na saya mata na'urar ji, ta sa kwana biyu ta ce tana yi mata fito a ka, ta jefa ta cikin aljihun tebur. Ta rage fitowa daga ɗaki. Wata rana na shiga gaishe ta, ta kama hannuna ta jawo ni kusa.

"Auta, gaya mini gaskiya. Me na yi wa yayarka?"

Na yi mata alama da hannu cewa ba komai.

"To me ya sa ta daina yi mini faɗa? Ko dai kunnen ne ya ƙarasa mutuwa ba ku gaya mini ba?"

Na fito daga ɗakin nan zuciyata ba daɗi. Tsohuwa tana gida ɗaya da 'yarta, tana ganinta safe da yamma, amma tana kewarta.

Ana cikin haka wata rana Yaya ta dawo da ɗan haske a fuska. Wai a duk sashen ita aka zaɓa, saboda muryarta ta fi ta kowa daɗi. An kai ta wani ƙaramin ɗaki da aka manne bangonsa da soso, aka ba ta takarda ta yi ta karanta jimloli ana ɗauka: yi haƙuri da jinkiri, danna ɗaya, danna biyu, ban fahimce ka ba. Sun ce don horar da sababbin ma'aikata ne. Har kyautar filas ɗin shayi suka ba ta mai tambarin kamfani. Malam ya ce ƙila ƙarin girma ne ke tafe, muka ce Allah ya sa.

Bayan 'yan watanni aka tara su duka a ɗakin taro, aka raba musu lemo mai sanyi. Yaya ta ce tun daga lemon ta san ba lafiya ba, don ba a taɓa ba su ko ruwa ba. Madam ta miƙe ta ce kamfani ya sayo na'ura da za ta riƙa amsa kira, an rufe sashen. Tana cikin bayani muryarta ta fara rawa, don ita ma har da ita. Kun san abin da yayata ta yi? Tashi ta yi ta dafa kafaɗar matar da ta sallame ta, ta ce, "Yi haƙuri, Madam. Na fahimce ki."

Ta dawo gida da ɗan kwali: madubin tebur, kofi, da ragowar alewar maƙogwaro. Ta ajiye shi a bayan ƙofa ta kwanta. Makon farko barci kawai take yi. Mako na biyu ta riƙa tashi da safe ta yi wanka ta sa kayan fita, sannan ta zauna a falo da jaka a cinya, ba inda za ta. Daga baya ta fara fita yawo a ƙafa, ta zaga unguwa ta dawo. Ciwon kai ya tafi, kumatunta suka ciko. Ta ce mini wani lokaci tana jin kunyar a tambaye ta aiki, wani lokaci kuma tana jin kamar an sauke mata buhu daga ka, kuma ba ta san wanne za ta yarda da shi ba. Jiki dai ya dawo. Murya ce ta ƙi.

Nan ni da Malam muka zauna a shagona muka ƙulla shawara. Malam ya ce shi a fahimtarsa muryar tana nan, toshewa ta yi, kuma ba abin da zai buɗe ta sai ɓacin rai. Saboda haka muka ɗaura ɗamarar ɓata wa Yaya rai.

Malam ya fara da jiƙaƙƙen tawul a kan gado, abin da a da zai sa maƙwabta su leƙo. Ta ɗauke ta shanya. Ya shiga falo da takalmi bayan ta goge ƙasa, har ya zaga tebur don sawun ya fito sosai. Ta sake gogewa. Ni kuma na ɗinka mata riga na sa hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, da gangan, abin da ban taɓa yi ba tun ina koyo. Ta sa ta tsaya gaban madubi, ta miƙa hannuwa ta kalla. Na rufe ido ina jira.

"Ba komai, Auta. Ƙila ni ce ban tsaya daidai ba da kake aunawa. Yi haƙuri."

Malam ya bi ni har bakin ƙofa yana girgiza kai. Ya ce, "Na yi shekaru ina roƙon Allah ya rage mini ƙarar matar nan. Ban san zai amsa har haka ba."

Abin da muka kasa yi, firij ne ya yi. Firjin gidan na kamfanin ne, Yaya ta saye shi lokacin tana aiki. Wata Asabar da rana ya yi wata irin ƙara ya mutu, ruwa ya malalo har tsakar kicin. Ina gidan, na zo cin abincin da ba a gayyace ni ba kamar kullum. Malam ya duba lambar da ke manne a jikin ƙofar firjin ya buga. Yana kara wayar a kunne sai na ga fuskarsa ta canja. Ya kalle ni, ya kalli Yaya da ke durƙushe tana tsane ruwa da tsumma, sannan ya buɗe ƙarar wayar ya ajiye ta a kan tebur.

"Barka da war haka. Yi haƙuri da jinkirin da aka samu. Idan firij ne, danna ɗaya."

Muryar Yaya ce. Ita ce dai, da laushinta da murmushinta na madubi. Ashe sababbin ma'aikatan da aka ce za a horar, na'urar ce.

Yaya ta miƙe a hankali da tsumma a hannu, ruwa yana ɗiga. Ta matso ta danna ɗaya. Muryarta da ke cikin wayar ta ce mata ta faɗi matsalarta a taƙaice. Ta sunkuya ta ce, cikin ladabi, "Firij ne ya daina sanyi."

"Yi haƙuri, ban fahimce ka ba."

Ta maimaita.

"Yi haƙuri, ban fahimce ka ba."

Na ga wata jijiya ta motsa a wuyan Yaya, jijiyar da na sani tun ina yaro. Ba shiri na ja kujerata baya. Malam ya ɗauke gilashinsa daga kan tebur.

"Ba ki fahimce ni ba?" in ji Yaya. "Ni? Ni ce ba ki fahimta ba?"

"Yi haƙuri…"

"Ke, rufe mini baki! Haƙurin me? Me kika yi? Ke kika ƙera firjin? Ke kika lalata shi? Shekara da shekaru ana zaginki kina washe baki a madubi, an hana ki shiga banɗaki kin ce na gode, an kwashe miki murya an ba ki filas, filas ɗin ma yoyo yake yi! An kore ki kin ba su haƙuri! Wace irin sakarya ce ke? Buɗe baki ki ce ba laifinki ba ne! Faɗi mana!"

Kofunan da ke kan kanta har rawa suke. Ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Ta yi wa kamfani tatas, ta yi wa fitilar bango, ta yi wa takalmin Madam, ta juyo kan Malam da tawul ɗinsa, ta nuna ni da tsumma ta ce in ban gyara hannun rigar nan yau ba sai ta ɗaure mini shi a wuya. Ashe duk tana lura, tarawa kawai take yi. Malam yana tsaye baki har kunne, yana ta gyaɗa kai kamar ana karanta masa yabo. Ita kuwa wayar duk lokacin da Yaya ta ja numfashi sai ta ce ba ta fahimta ba, Yaya ta sake hawa.

Ba wanda ya ji buɗewar ƙofar ɗakin da ke jikin kicin. Sai ganin Inna muka yi a tsaye, ta dafa bango, ɗankwalinta a karkace.

"Filas ɗin yoyo yake yi?" in ji ta. "To me ya sa kike zuba mini shayi a ciki?"

Yaya ta juyo, bakinta a buɗe.

"Inna, kin ji?"

"Yo ba dole in ji ba, kina neman tsaga mini ɗaki? Har na zaune a bakin titi ya ji." Ta ɗaga hannu ta taɓa kunnenta, ta sake taɓawa, sai muryarta ta karye. "Ashe yana nan. Na ɗauka ya tafi ne. Na ɗauka ke ma kin gaji da ni."

Yaya ta saki tsumman ta rungume ta, ta fashe da kuka, kukan ma da ƙarfi, irin wanda ba ta yi ba ranar da aka sallame ta. Ni ma na share ido, ba na ɓoyewa. Wayar tana kan tebur tana ta ba mu haƙuri. Inna ta hango bakin Malam yana dariya yana nuna wayar, ta ce a miƙo mata. Ta kara a kunne, ta juya ɗaya kunnen, ta yamutsa fuska.

"Wace ce wannan? Ba na jin komai."

"Ni ce, Inna!" in ji Yaya.

"Ba ke ba ce. Kashe abin nan."

Malam ya kashe.

Firjin dai wani mai gyara ne a bayan layinmu ya tashe shi. Yaya kuwa yanzu tana aikin rabin wuni a asibitin kunne. Ta raka Inna ne ganin likita, ta tarar da ma'aikaciyar jinya tana ta kiran sunaye a ɗakin jira, tsofaffi suna zaune ko gezau. Yaya ta karɓi kiran sunayen daga inda take zaune, kira ɗaya mutum ya miƙe. Kafin su bar wurin an tambaye ta ko tana da abin yi da safe. Ta ce za ta zo, amma da sharaɗi: azahar na yi za ta tafi gida, kuma ba mai ajiye mata madubi a tebur.

Jiya na biya gidan da rigar, na daidaita hannuwan. Tun daga kan kwana nake jiyo su.

"Inna, wa ya rufe tagar nan?"

"Ni na rufe! Ɗakinki ne?"

Na tsaya a bakin ƙofa da rigar a hannu, ban yi sallama ba sai da suka kai ƙarshe.